Majanyin da Maigidana Ya Ɗauke

Majanyin goyon autata ne ya fara ɓacewa. Na birkice ɗaki, na zargi akuya, har maƙwabciyata ta sha harara. Ashe yana jikin maigidana, a ƙarƙashin riga, ya ɗaure ƙirjinsa da shi tamau.

Nonuwansa ne suka taso, kamar na yarinyar da ta fara girma. Mutumin da in an tashi daga dashen shinkafa shi ne kan gaba wajen tuɓe riga ya faɗa kanal ɗin ban-ruwa ya yi wanka, sai ga shi yana dawowa gida da taɓonsa. Ya san bakin abokan aikinsa na Bunkure. Da sun gani, da har waƙa sai sun yi masa.

Na ce mu je asibiti. Ya ce, "Ke, in tuɓe wani ƙato ya lalube ni? Ƙiba ce kawai."

Ƙiba a ina? Hannuwansa sun koma kamar karan dawa. Wanzami dai ya yarda da shi, don shi har gida yake zuwa. Aka yi ƙaho, aka sha jiƙe-jiƙe, damina ta zo ta wuce.

Sai da cikinsa ya kumbura sannan ya yarda muka shiga Kano, muka je asibiti. Likitan ya kwantar da shi, ya taɓa nonon a hankali da yatsu biyu, ya duba idanunsa, ya danna cikin. Aka ɗebi jini, aka yi hoto.

"Malam, nonon ba shi ne ciwon ba," in ji likita. "Hantarka ce ta lalace, shi ya sa ya fito. Tun yaushe ka gan shi?"

Maigidana ya sunkuyar da kai, ni na amsa, na ce tun kafin damina. Likitan ya ce mun makara. Wallahi na ji haushin mijina kamar in shaƙe shi, ga kuma tausayinsa ya kama ni.

Bai ga girbin shinkafar ba. Da jiki ya yi tsanani, ya kama hannuna ya ce, "Kada ki bari maza su yi mini wanka. Ke za ki yi."

Da ya rasu, 'yan'uwansa sun yi ta gunaguni, liman ya ce ya halatta. Na rufe ƙofa, na jawo ruwa, na yaye mayafin. Shatin majanyin yana nan a ƙirjinsa.