Ranar da Aka Kai Ni Zaɓen Fuskar Kwamfuta

Shekara talatin da ɗoriya na yi a rumfa ɗaya a kasuwar Ogbete da ke Inugu, ina sayar da gero da wake da acca. A gidanmu kuwa, da ma duk layinmu a unguwar Ogui, ni ce mai ido. In za a sayi atamfa, ni ake ɗauka in duba ko jabu ce. In buhu ya sauka daga Arewa, kallo ɗaya nake masa in ce an yi masa haɗi. Da wannan aka san ni.

To, ana nan ana nan, sai wani hayaƙi ya zo ya zauna mini a idon hagu. Kwanci tashi ya haura na dama. Ban gaya wa kowa ba. Ɗana, wanda nake zaune a gidansa, ya daɗe yana cewa na tsufa da kasuwa, in dawo in huta. Dalili kawai yake jira. Ni kuwa na san ranar da na bar rumfar nan, na zama kayan ɗaki. Sai na koma aiki da yatsa da kunne. Wake in damƙa in ji, mai saye in gane shi da murya. Kullum na fita ina cewa a raina yau asirina zai tonu.

Rannan, wata Asabar da hantsi, babban jikana ya leƙo ɗakina. Saurayi ne, ya gama karatu, ba abin da yake so a duniya kamar wasan nan na kwamfuta da suke kira gem.

Ya ce, "Amarya, ɗauko mayafi. Yau maigida zai fita da ke gari."

Na ce, "Maigidan da ko goro bai taɓa saya mini ba? Ina za ka kai ni?"

"Aron idonki zan yi. Kwamfuta zan saya, guda biyu sun raba mini hankali."

Da na ji ya ce ido, sai na fara neman hanyar zillewa. Na ce ƙafa ke damuna. Ya ce ai Keke Napep zai ɗauko har ƙofar gida.

A hanya ya yi ta yi mini bayani. Wai hoton da ke fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana suka taru. Ɗaya ɗigonta sun fi yawa, kamar garin da aka tankaɗe da rariyar laushi, amma tana shan caji, tana ɗaukar zafi, in wasa ya yi wasa takan ɗan yi nauyi. Ɗayar kuma tsaki-tsaki ce, amma ba ta tuntuɓe. Ya ce, "In bambancin a fili yake, mai laushin zan ɗauka. In sai an ƙura ido, ban ga amfaninta ba. Ni na kalla har na rikice. Ke ce ba a yi wa rufa-ido."

Na ce to. Addu'a nake yi a zuci.

Mai shagon Inyamuri ne mai fara'a, ya kira ni Mama, ya ba ni kujera. Ya jera su biyu a kan tebur, ya kunna. Jikana ya ce an sa musu hoto iri ɗaya, wata bishiya a bakin rafi. Ni dai abin da na gani fitila biyu ne a cikin hayaƙi.

Na matso. Na ƙara matsowa. Hannuna ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba, na shafa ta farko, na shafa ta biyu. Mai shago ya ce da brokan Turancinsa Mama ta yi haƙuri, ba a taɓa gilashin. Da ma bai wahalar da bakinsa ba. Santsinsu ɗaya, yatsana bai gaya mini komai ba.

Sai na shiga jan lokaci. Na tambayi wace ƙasa aka ƙera su. Na tambayi ko suna jure ruwan saman Inugu. Na nemi ruwan sha. Su biyun suka juya suna gardamar batir, ni kuwa ina sauraren muryar yaron, ina laluben inda zuciyarsa ta karkata. Na ji in ya ambaci mai laushin, muryarsa takan sauka, kamar mai faɗin sunan budurwa. Na kuma riƙe cewa ita ce ta hannun dama.

Na gyara zama, na yi muryar da nake yi wa dillalan hatsi, na nuna ta dama. Na ce, "Wannan. Dubi ganyen bishiyar nan, ɗaya bayan ɗaya, har jijiyarsa ana gani."



Ashe duk surutun nan da na ja, kwamfutar ta gaji da jira, ta ɗauke hoton, ta bar wani haske fari da agogo a tsakiya. Ba bishiya, ba rafi. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, na ji yaron ya tare shi. Ya ce, "Mama ta zaɓa. Sa mana ita a kwali."

Muka hau keke, muka wuce shataletale. Sannan ya kama hannuna, bai kira ni amarya ba. Ya ce, "Kaka, tun yaushe?"

Na ce, "Damina biyu."

"Kuma a haka kike tsallaka titin Ogbete?"

Na ce, "Kada ka gaya wa ubanka. Ka bar ni in kai ƙaramar salla."

Muka sauka. A bakin ƙofa ya ce, "Ana gyara irin wannan a asibiti. Amma ko ki faɗa, ko in faɗa. Gara ya ji daga bakinki."

Na tarar da ɗana a tsakar gida yana alwalar azahar. Na tsaya a kansa har ya wanke ƙafa, sannan na faɗa masa, duka, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce Litinin za mu ga likita. Sannan ya ce, a hankali, "Inna, kawo makullin rumfar in ajiye miki."

Na kwance shi daga bakin zanena. Na daɗe ina kwancewa, don ƙullin ya yi shekaru da yawa a wurin.