Fuskar Kamil a Kan Katin Waya

Duk wanda ya san Osmanu a unguwar Moss Side ta Manchester ya san akwai sunan da ba a ambata a gabansa. Ko a wurin walima ne, da zarar wani ya ce Zulkarnaini, sai ya ajiye cokali ya nemi takalminsa.

Osmanu mutumin zangon Kumasi ne. A can sana'arsa zana allunan masu aski da masu sayar da abinci. Da ya zo Manchester babu mai neman wannan, sai ya kama aikin wankin bas. Amma hannun bai daina ƙaiƙayi ba. Ranakun hutu yakan zauna a kicin ɗin flat ɗin da council, hukumar gari, ta ba shi, ya zana yarintarsu a kan guntayen katako: 'yan mata suna tsalle suna tafi, yara suna wanka a ƙarƙashin indararo, wani yaro mai giɓi yana gara taya da sanda yana dariya. Yaron nan ƙaninsa ne Kamil, wanda zazzaɓi ya ɗauke tun bai shiga makaranta ba. Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Zanen shi kaɗai ne fuskarsa da ta rage.

Zulkarnaini ɗan layinsu ne tun a zango, yana da shago a Birmingham. Ya zo gaisuwa, ya ga zane-zanen, ya yi ta jinjina kai.

"Yaya Osmanu, ara mini su in rataye a shago, mutanenmu su gani su tuna gida. Bayan Sallah zan dawo maka da su."

Osmanu ya naɗe su a bargo da hannunsa ya kai masa mota.

A zamanin nan ba a kiran gida sai da kati. Ka saya a shago, ka kankare bayansa, ka danna lambobin, in ya ƙare ka yar. Wata safiya ana yayyafi, Osmanu yana jiran bas, ya ga wani kati a ƙasa da shatin takalmi a kansa. Ya sunkuya. Zanen Kamil ne aka buga a kai. An yanke gefen da Osmanu ya sa hannu, an buga farashi da jan rubutu a ƙirjin yaron.

Nan take ya kira Zulkarnaini a Birmingham.

"Haba Yaya, talla fa na yi maka," in ji Zulkarnaini. "Ai ka yi suna."

"Wane suna? Wanda ka yanke? Ƙanina ne ake takawa a titi!"

Zulkarnaini ya kashe wayar. Osmanu ya kai ƙara wurin dattawan zango, suka ce a yi haƙuri, 'yan gari ɗaya ne, kar a tona wa juna asiri a ƙasar mutane. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya riƙa bin titi yana tsince katunan daga bakin kwata da kwandon shara, yana gogewa da gefen rigarsa. Fenti kuwa ya tattara ya zubar.

Shekaru suka ja, sabbin wayoyi suka kashe kasuwar kati. Rannan 'yarsa Azara ta dawo daga jami'a ta miƙa masa wayarta.

"Baba, look, ba zanenka ba ne wannan?"

Ashe akwai masu tara tsofaffin katunan, musamman masu zanen yara. Za su yi baje koli a Birmingham, kuma Alhaji Zulkarnaini zai zo ya sa wa masu saye hannu.

Suka hau mota su biyu. Suka nufi Birmingham. A zauren baje kolin, katunan da ya saba tsinta a kwata suna jere cikin leda mai sheƙi, ana ɗaga su a hankali kamar ƙwai. Zulkarnaini yana zaune a bayan wani tebur, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana gaya wa wata Baturiya cewa yaron mai taya shi ne da kansa yana ƙarami.

"Kai ne wannan?" Muryar Osmanu ta cika zauren. "Zulkarnaini, kai ne? Ba kana tsaye aka fito da gawarsa ba? Faɗa mata sunansa!"

"Yaya, zauna mu yi magana, please, mutane na kallo."

"Su kalla. Ina katakona?"

Zulkarnaini ya kau da kai. "Danshi ya cinye su a gareji. Na zubar tuntuni."

Osmanu bai san lokacin da ya kife teburin ba. Katuna suka watse, masu gadi suka riƙe shi suka fitar da shi. Azara ta tsaya ciki tana yi wa masu taron bayani da Turancinta na Manchester, tana kuka tana nuna musu katin. Daga baya suka sa sunan Osmanu a shafinsu na intanet a matsayin mai zanen. Da ta nuna masa, ya ce suna ba katako ba ne.

Ta sayo masa fenti. Ya zauna da kati a gabansa zai sake zana Kamil, amma fuskar da ke jiki ba ta fi farce girma ba, shi kuma idanun yaron sun ɓace masa. Ya zana ya goge, ya sake ya goge. Jininsa ya hau, likita ya ƙara masa magani.

Da azumin bana Zulkarnaini ya aiko wani dattijo da shadda da ban haƙuri. Osmanu ya shimfiɗa wa baƙon darduma, ya ba shi abin buɗe-baki, ya raka shi har bakin titi. Sannan ya ɗora masa shaddar a hannu.

"Baba, ku mayar masa. Ku ce ban yafe ba."