Rubutun Cikin Murfin Akwati

Shekara arba'in Baba Kafinta yana yi wa 'yan majami'arsu akwatin gawa, kuma ba shi ya zaɓi aikin ba. Da tebur da kujera ya fara. Wata rana aka yi rasuwa, aka rasa mai haɗa katako, fasto ya ce ya taimaka, daga taimako sai abu ya zama sana'a. Masu sayen kujera kuwa suka janye jiki, wai ba za su zauna a kan abin da ya fito daga wannan shago ba. Ka ji mutane, sai ka ce su ba za su shiga akwatin ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, da benci mai tsawo, da zarto biyu a rataye, da gwangwanin ƙusoshi. Kullum akwai guntun fensir a bayan kunnensa. Yana da wata ɗabi'a da ba ta cikin aikin da aka sa shi. In ya gama akwati, sai ya kifa murfin, ya rubuta layi ɗaya a ciki: “Allah yana riƙe da kai.” Sannan ya shimfiɗa farin yadi a kai, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi. Masu gawa ba su taɓa gani ba. Iyalinsa kaɗai suka sani, matarsa kuwa ba ta iya karatu ba, 'yarsu Auta ce ta karanta mata tun tana firamare.

“Wa zai karanta a can ciki, ba fitila?” in ji matar, tana zolayarsa.

“Ke dai ki bari naki ya zo, Maman yara, da manyan baƙi zan rubuta.”

Nata bai zo ba. Na babban ɗansu ne ya zo, mota ta buge shi a hanyar wurin aiki. Baba Kafinta ya auna, ya yanka, ya rubuta. Bayan shekara shida zazzaɓi ya ɗauke na biyun cikin kwana uku. Ya sake rubutawa, har ya kai ƙarshen layin. Mutane suka yi ta yaba bangaskiyarsa, har ana kafa misali da shi a wa'azi.

Saura Auta, malamar makaranta, mai dariya kamar uwarta. Ciwon ƙoda ya kama ta, shekara biyu ana jigilar ta asibiti. Ba irin addu'ar da tsohon nan bai yi ba. Ya yi azumi har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Bai roƙi komai mai yawa ba, cewa kawai yake, “Ya Ubangiji, bar mana ɗaya.” Ranar wata Laraba da hantsi ta cika.

Masu ta'aziyya suka cika gidan. Wannan ya ce gwaji ne, wancan ya ce Allah ya fi su son ta. Wani dattijo, wanda 'ya'yansa bakwai ke nan da ransu, ya tsaya yana bayyana masa amfanin wahala. Ni dai in da ni ne, da na nuna masa ƙofa. Baba Kafinta ya zame ya shiga shago. Bai nemi ma'auni ba, ya san tsawonta.

La'asar ta yi akwati ya haɗu. Ya kifa murfin, ya zaro fensir, sai ya tsaya. Gaskiyar magana ita ce ya daina yarda da layin. Haushi yake ji, da kunya, kamar wanda ya shekara arba'in yana sayar da katako mai gara. Ya ajiye fensirin, ya jawo yadi zai rufe wurin haka nan.

Matarsa ta shigo da kofin ruwa. Idonta ya kumbura, amma ta ga murfin ba rubutu.

“Baban Auta, ba ka rubuta mata ba.”

“Ba zan rubuta ba.”

“Ka yi wa yayyenta.”

“Na yi. Me ya hana? In haka yake riƙewa, ni ban gane riƙon ba. Ba zan yi wa 'yata ƙarya ba.”

Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta da ƙarfin yin hakan. Ta ajiye kofin, ta ɗauki fensirin, ta damƙe shi kamar muciya. Matar da ko sunanta ba ta taɓa rubutawa ba ta duƙa a kan murfin, ta shiga jan layi, sama da ƙasa, a karkace, tana kwaikwayon yadda ta ga hannunsa yana yi. Ta ja har ta kai inda shi yakan tsaya.

“Wannan ba rubutu ba ne, Maman yara.”

“Na sani. Ni ma yau ban ji yana riƙe da ni ba. Amma ba za ta tafi ba komai ba.”

Ya dubi zanen ya daɗe. Bai goge ba, bai kuma gyara ba. Ya shimfiɗa yadin a kai, ya ɗauki guduma. Ƙusar farko ta suɓuce masa, ta biyu ta lanƙwashe, don hawaye sun hana shi ganin kanta. Sai ta ɗauki ta uku, ta tsayar da ita tsakanin yatsunta biyu.

“Zan buge ki,” ya ce.

“Buga dai. Suna jiran mu.”

Ya buga. Haka suka zagaye murfin, tana tsayar da ƙusa yana bugawa, har yadin ya rufe zanen. Da suka gama ta miƙa masa fensirin. Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya jefa cikin gwangwanin ƙusoshi, sannan ya kama kan murfin, ita ta kama ƙafar, suka fito da shi.