Ranar da Kaka ta kira sunan mijinta

A gidanmu na Banikanni, a Paraku, murhu ba ya mutuwa da wuri. In an gama tuwo, Kaka Hajo, uwar babanmu, takan tura doya cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta. Tatsuniyoyin gizo da kura duk ta iya su, amma wanda muke naci a kansa labarinta ne ita kanta.

"Ga ta nan, amma wannan ba ta gizo ba ce," takan ce.

"Ta zo, Kaka, kunnuwanmu a buɗe suke."

Kakanmu ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. 'Yan shekaru bayan tafiyar Faransawa, ya je Jugu ganin dangi, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a can. Shugabannin tasha suka ce za su ba babanmu gurbinsa in an kawo kwafin takardar rasuwa mai hatimi. Baba bai isa ya bar bakin tasha ba, don masu son gurbin da yawa. Kaka na gama takaba ta hau motar goro sai Jugu.

A ofishin lafiya ta sami sakatare, mutumin kudu, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ɗaga alƙalami.

"Madam, sunan mamaci?"

To, Kaka tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa furta sunansa ba, saboda kunya. Ɗanjuma ne sunansa, don haka ko ranar Juma'a "babbar rana" take ce mata.

"Maigida," in ji ta.

"Kowa maigida ne. Suna nake so."

"Ranka ya daɗe, wace rana ke bin Alhamis?"

Ya ce, "Bandiredi," wato Juma'a da Faransanci.

"To, shi ke nan, ka gane."

Ya rubuta, ya buga hatimi, ta ɗaure takardar a bakin zane ta dawo Paraku tana murna. A tasha aka karanta aka ce ba su taɓa ɗaukar wani Muse Bandiredi, wato Malam Bandiredi, aiki ba, amma suna yi wa iyalansa ta'aziyya.

A nan kullum mukan faɗi ƙasa don dariya, ita kuwa ta juya doya kamar ba da ita ake ba.

Ta koma Jugu. Wannan karon ta janyo wani mahauci, abokin marigayi, ya faɗi sunan. Amma likitan ofishin ya riga ya yi wa sakatare faɗa kan kuskuren farko, don haka ya kafe: sai ya ji daga bakin matar. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, ta motsa leɓe.

"Ban ji ba, madam."

Ta tuna ɗanta yana tsaye a bakin tasha cikin rana. Sai ta buɗe murya ta kira sunan, har masu jiran allura suka waiwayo. Wani tsoho a kan benci ya miƙe ya ce, "Na'am, Inna, ga ni."

"Zauna, malam," ta ce masa. "Nawa ba ya amsawa."

Takardar ta fito daidai, kuma Baba ya yi aikin tasha har ya tsufa. Da shi aka ciyar da mu.

"Ƙarshenta ke nan," takan ce. "Ku ɗauki doyarku kafin ta ƙone."

Muna yara, mun ɗauka darasin shi ne kada a yi wa ma'aikaci kacici-kacici. Sai da na girma na lura da wani abu. Duk yawan maimaita labarin nan, in ta zo daidai wurin, cewa take yi, "Sai na faɗa." Sunan daga bakin Baba muka sani. Ita sau ɗaya ta furta shi a rayuwarta, a gaban baƙi, don ɗanta ya sami aiki, kuma mai sunan bai ji ba.