Ƙafar Akuyar da Aka Babbake

Har yau ranar da Dakta Hauwa ta kira ni ofishinta ba ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen likitancin dabbobi. Aikinmu shi ne gina ƙafar akuya a kwamfuta, da tsoka da jijiyoyinta, don a ga yadda take ɗaukar nauyi. Ni ke sayo ƙafafu in auna jijiyoyin, ita kuma ta shigar da awon.

Ta juyo mini da kwamfutar. Akuyar da ke cikin kwamfutar ta ɗaga ƙafa, tana saukewa kofaton ya lanƙwashe, ta kife.

"Sani, matsalar daga awonka take. In mako ya zagayo ba ka gano ta ba, wani zan ba aikin."

Wata huɗu ina wahala a kan aikin nan.

Ranar kasuwar Kibiya na taso daga gidanmu a Rano, na nufi rumfar Baba Ɗanjuma, tsohon mahaucin da nake sayen ƙafafun a wajensa. Na nuna masa hotunan ƙafafun da nake aunawa, ina ta zuba Turancin da bai tambaye ni ba. Sai ya kece da dariya.

"Haba Malam Sani! Babbakakkiya kake aunawa? Wallahi na zaci farfesu ake yi maka a gida."

Ashe nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya ce a ba shi ƙafa, babbaka masa ake yi, haka aka saba. Ni kuma ina murna an hutar da ni cire gashi. Wuta kuwa tsuke jijiya take yi, ta manne rassanta wuri guda.

Ya ɗauko ɗanyar ƙafa, ya tsaga bayanta, ya zaro farar jijiya.

"Duba nan. Daga sama ɗaya ce, a nan ta rabu biyu, kowane kofato da tasa."

Ya ja reshe ɗaya, kofato ɗaya kaɗai ya motsa. Kunya da daɗi suka rufe ni lokaci guda.

Na sake awo da ɗanyun ƙafafu shida, kuma aikin bai bar hannuna ba. Da muka rubuta rahoto, na roƙi Dakta ta sa sunan Baba a shafin godiya, ta sa. Allah Ya saka masa da alheri.

Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin ɗauka a ɗakin gwajin nan, kafin ku ɗora ma'auni a kan abu, ku je ku tambayi wanda ya yanko shi.