Shekarar Da Muka Hana Malam Ƙwallo

Shekarata ta farko ina koyar da motsa jiki a wata kwalejin horar da malamai a Gusau aka ɗora mini ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai. Ba gwaninta aka duba ba, ni ne ƙarami a sashenmu, kuma ranar da aka raba ayyuka ban je taro ba. Muka buga kakar wasa guda cur da makarantun da ke kewaye, ba mu zura ko ɗaya a ragar kowa ba. 'Yan bayanmu jarumai ne, golanmu kuma ba ya wasa, don haka yawanci canjaras muke tashi, babu ci. Har mutanen Tudun Wada masu zuwa kallo suka fara zuwa da tabarmi, wai filinmu ya fi ko'ina daɗin gyangyaɗi.

Kowa ya san inda matsalar take, babu mai faɗa. Lamba taranmu, wato wanda aka ajiye a gaba don ya ci mana, Malam ne. Malam kuwa shi ya koya mini baƙi da wasali a firamare a Bungudu, shi ya riƙe hannuna na fara rubuta sunana. Bayan ya daɗe yana koyarwa aka ce sai ya ƙaro takarda, ya dawo kwaleji ɗalibi da furfurarsa, ya faɗo ajina. In na shiga aji ya miƙe ya gaishe ni, ni kuma in rusuna in gaishe shi, sauran ɗalibai su rasa na bi. Ranar da aka fara atisaye ya zo fili da dogon wando, aka baje riguna, samarin suka ja da baya suka ce Malam ya fara zaɓa. Ya ɗauki lamba tara. Shi ke nan, wa zai ce ya ajiye?

Abin da ya fi ƙona mini rai, muna da 'yan gaba masu ƙafa. Akwai wani dogo ɗan Sabon Gari da ke buga gefen hagu, in ya ɗauko ƙwallo sai ya yanke mutum uku, ya yanke gola, raga ta buɗe a gabansa. Daga nan sai ya taka ƙwallon ya tsaya, ya waiwaya yana neman Malam. In ya hango shi can baya yana tafe yana haki, sai ya gangara masa ita a hankali, har da cewa, “Malam, bisimilla.” Sun mayar da ƙwallo akushin tuwo, ƙarami ba ya fara sa hannu. Malam ya gyara wando, ya yi tasa bisimillar, ya ja baya ya ɗauki saiti. Kafin ya gama, 'yan bayan da aka yanke sun tashi sun kakkaɓe jiki sun dawo. In ma ya samu ya buga, wata mai sayar da rogo da ke zaune bayan raga ita ke shan wahala.

Da kakar ta ƙare shugaban kwaleji ya kira ni ofis. Ya ce sashen koyar da aikin gona sun daɗe suna neman filin nan su shuka waken suya, shi yake hana su, amma yanzu ba shi da bakin magana. In kaka mai zuwa ta wuce ba mu ci wasa ba, tarakta za ta shiga. Ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, “Ka gyara gabanka.” Na fito, na san gyaran gaban nan ma'anarsa ɗaya ce, in dubi idon Malam in ce masa ba ya iyawa.

Na fara da zagaye. Na samo allo na cika shi da kibiyoyi, na ce daga yau mutum uku za su riƙa kai hari. Suka kai harin su uku, suka taru suka jira Malam. Na ja dogon nan gefe na ce masa in ya ga raga ya buga kawai. Ya dube ni kamar na ce ya mari limami.

“Haba Koci,” ya ce, “Malam na tsaye in ci? Shi ka jan mu salla hwa. In nic ci, da wane ido za ni dube shi?”

Na ce da idon da yake duban mai rogo. Bai yi dariya ba.

Da aka yi dogon hutu, damina ta yi tsakiya, na hau babur na nufi Kekun Waje, garinsu Malam. Tun daga Gusau nake bitar jawabina, har na haddace shi. Zan fara da godiya, in biyo da maganar shekaru, in rufe da cewa ƙungiya na buƙatar dattijo mai ba da shawara daga benci. Na iske shi a gona yana maimai. Muka gaisa, na buɗe baki zan fara, ya miƙo mini fartanya. Na nome kunya uku ina bitar godiya a zuci. Aka kawo fura muka zauna gindin kirya, na sake buɗe baki, sai na ji kaina ina yabon geronsa. Na yabi gero, na yabi dawa, na yabi bijimin maƙwabcinsa da ban ma gani ba.

Malam ya ajiye ludayi.

“Ɗana,” ya ce, “tun hantsi kake zagaye. Ka zo ka ce in aje lamba tara, ko ba haka na ba?”

Fura ta sarƙe ni. Ya jira na gama tari.

“Kwantar da hankalinka, ni ma na gaji. Duk sa'ad da ƙwallon ga taz zo gare ni, gabana hwaɗuwa shikai. Likita yac ce in riƙa motsa guwawuna, shi ak kai ni hili. Ni ban taɓa son cin komi ba, yaran ga na sunka ɗora man.”

Wani sanyi ya ratsa ni, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ashe shekara guda muna wahalar da bawan Allah. Na ce to sai ya koma benci ya huta. Ya girgiza kai.

“In ka kai ni benci, can za su kawo man ita. Bar ni cikin hili, ni na san maganinsu.”

Ranar da aka koma atisaye Malam ya zo da tsumagiya, irin wadda na sani tun ina aji biyu. Ni kaina sai da na gyara tsayuwa. Ya tara su a tsakiyar fili, ya ce daga yau duk wanda ya ba shi ƙwallo ya raina shi, kuma zai zagaye filin nan da tsallen kwaɗo. Aka fara wasa, ba a yi minti biyar ba dogon ya manta, ya gangaro masa ita. Malam ko taɓa ta bai yi ba, ya nuna masa gefen fili da tsumagiya. Ƙato da gemunsa, mai 'ya'ya biyu, ya kama kunne ya fara tsalle. Daga ranar in ƙwallo ta doshi inda Malam yake, har rige-rigen kawar da ita suke yi.

Wasanmu na farko a Tsafe aka yi. 'Yan Tsafe kuma sun yi karatunmu tun bara, sun san duk inda ƙwallonmu ta je wurin Malam za ta ƙare, sai suka sa masa mutum uku. Malam ya ja su a hankali har bakin tutar kwana, ya shiga gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ina gida, ina tsohonka, ya ƙafar tasa, an samu ruwa wajenku? Dattijo na gaishe ka, ba ka isa ka juya masa baya ba. Suna can suna “lahiya lau, Baba,” tsakiyar gidansu ta zama fayau. Dogon ya shigo da ƙwallo, ya isa bakin raga, na ga ƙafarsa ta fara sanyi, wuyansa ya fara juyawa. Daga can kwana Malam ya daka tsawar da ke tsayar da aji:

“Buga, don gidanku!”

Ya buga a firgice, raga ta motsa. Mu kanmu ba mu san yadda ake murna ba, mun manta. Wanda ya ci kuwa bai yi wani tsalle ba, wurin Malam ya ruga ya durƙusa yana ba da haƙuri. Kafin a tashi an ƙara biyu, kuma kowace sai da aka je aka nemi gafara.

Haka kakar ta tafi. Mun sha kashi a wasu wuraren, amma mun ci da dama, mai rogo ta samu lafiya, tarakta ta nemi wani wuri. Shugaban kwaleji ya yabe ni gaban taron malamai, ya ce na ƙirƙiro sabuwar dabarar kai hari. Na karɓi yabon da hannu biyu, ban ambaci Malam ba. Malam ya buga kowane wasa daga farko har ƙarshe, ƙwallo ba ta taɓa ƙafarsa ba ko sau ɗaya, sai in tsautsayi ya sa ta buge shi.

Ranar da 'yan ajinsu suka gama jarrabawar ƙarshe, bayan la'asar, na koma fili don in kwance raga a adana ta. Makaranta ta watse, babu kowa. Ina isa gindin dalbejiyar da ke bakin fili na hango mutum ɗaya sanye da lamba tara. Malam ne, ya ajiye ƙwallo a wurin bugun fanareti, raga ba gola. Ya waiga hagu, ya waiga dama, bai gan ni ba. Ya ja baya, ya taho, ya buga. Ƙwallon ta tafi tana gangarawa kamar ba ta so, ta daki ƙarfe, ta shige.

Sai na ga Malam ya ɗaga hannu biyu sama ya zuba da gudu. Ya zagaya bayan raga, ya nufi inda 'yan kallo ke tsayawa, yana nuna lambar bayansa da manyan yatsu, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Ya zo ya zube a kan gwiwoyin nan da likita ya ce a riƙa motsawa, ya daɗe a haka fuskarsa na kallon sama. Sannan ya tashi da ƙyar, ya je ya ciro ƙwallon, ya sake ajiye ta a wurin.

Dariya ta taso mini, sai na tuna maganarsa. Mutumin da ya ce bai taɓa son cin komai ba ke nan. Ƙarya ya yi mini a gona, don kada ɗalibinsa ya ɗauki nauyin faɗa masa abin da ya riga ya sani, ni kuma na karɓe ta da murna saboda ta yi mini daɗi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, idona ya cika. Na zame bayan dalbejiyar na zauna a ƙasa, ina jin ƙarar bugu ɗaya bayan ɗaya, na bar ragar a rataye har ya gama.