Arba'in ɗin Muniru

A Zangon Kumasi, in aka yi rasuwa, mutum biyu ake fara aika wa: liman da Mma Azaratu. Liman don salla, ita kuwa don masa. Tun ba ta da furfura take toya masar sadaka, ta uku, ta bakwai, ta arba'in, har mutane suka daina ƙirga kwanakin mamatansu da kansu. Sai dai a tare ta a hanya a ce, "Mma, yaushe ne na tsohonmu?" Ta ɗan runtse ido ta ce, "Larabar sama." Ba a taɓa kama ta da kuskure ba, ga shi ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa.

Shi ya sa aka laƙaba mata Azaratu Arba'in. Ita ma bakinta ba ya rabuwa da kalmar. In ta ga mai jego ta leƙo waje sai ta kore ta ciki, ta ce ba a taka titi sai an yi arba'in. In saurayi ya yi wauta ta ce a ƙyale shi, hankali ba ya gama shiga sai mutum ya cika arba'in. Direbobin da ke shiga gidan giya a ɓoye kuwa, ta sha gaya musu cewa sun zubar da sallar kwana arba'in a kofi ɗaya. Kuma ba ta yarda masar sadaka ta tsaya a gidan makoki ba, sai ta kai gida arba'in, don a wurinta nan ne iyakar maƙwabtaka. 'Yan mata ma sun sa ta a waƙar tafi. In sun hango ta da tanda a ka sai su hau rerawa, wai Mma ta fito, wa ya cika kwanansa. Takan ɗaga musu ludayi ta wuce.

Daga Salaga aka kawo ta Kumasi tana amarya, gidan wani ɗan fataucin goro. Ta haifi shida, biyar suka koma tun suna goye, mijin ma ya bi su. Muniru kaɗai ya tsaya. Tela ne, kekensa na barandar wani kanti a unguwar Adum, kuma yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi yana yaro. Shekarar da ta biyo bayan ƙare yaƙin duniya na biyu ya shiga ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa, irin tafiyar da ake yi ana tsayawa ana aiki a hanya. A shekara ta biyu wasiƙa ɗaya ta zo daga Sudan. Daga nan shiru. Matarsa ta jira shekara huɗu, malamai suka raba auren, ta auri wani direba a unguwar Bantama. Uwa kuwa babu mai raba ta da ɗa. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta tafi tashar Kejetia ta tsaya inda motocin arewa ke sauke mutane, ta duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta dawo.

Abin da ke cin ta, wanda ba ta gaya wa kowa ba sai aminiyarta Rakiatu mai koko, shi ne ta toya wa 'ya'yan kowa, nata ɗan kuwa ba shi da ranar da za a ƙirga daga gare ta. Ga hayaƙin murhu ya fara cinye mata ido. Tana so in dai ya mutu, ta toya masarsa da hannunta tun tana ganin ramukan tanda.

Ana saura shekara guda Turawa su miƙa mulki, Alhaji Sanni mahauci ya dawo daga tasa tafiyar. Kwana biyu da isowarsa ya yi sallama a ƙofarta, ya cire takalmi, ya zauna a kan turmi.

"Mma, maganar da na zo da ita tana da nauyi."

"Sauke ta, Alhaji. Na daɗe da shimfiɗa mata tabarma."

Ya ce a Madani, wani gari a Sudan, cikin mutanenmu masu tsinkar auduga, an ba shi labarin wani tela ɗan Kumasi mai suna Muniru, wanda zazzaɓi ya kashe. Har kabarin aka nuna masa.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, "Wace rana?"

"Wallahi ban sani ba. Sun dai ce da damina ne."

"Wace daminar?"

Alhaji Sanni ya ce wannan ma ba a gaya masa ba.

Da yamma ta je zauren Malam Hussein, limamin unguwar, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Allah gafarta Malam, daga ina zan fara ƙirga?" Malam ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce ranar da labari ya shiga kunnenta, ita ce ranar. Ta dawo gida ta ƙirga ƙwayar masara arba'in ta zuba a gwangwanin madara. Kullum bayan sallar asuba sai ta ciro ɗaya ta jefa wa kaji.

Aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika tsakar gida, aka yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowace uwa. Ta yi kukan da ta riƙe shekara goma. Uku da bakwai ta yi su a taƙaice, ta ce ƙarfinta na arba'in ne. Abin mamaki, sai ta fara barci. Ta fara cinye tuwonta. Juma'a ta zo ta wuce ba ta nufi Kejetia ba.

Rakiatu ta dube ta wata safiya ta ce, "Ke dai makoki ya karɓe ki. Har kumatu kika yi."

"Ki ji tsoron Allah, Rakiya."

"Ina jinsa. Amma ai ya ba ni ido."

"To ki ara mini ɗaya, ki zo ki taya ni tsintar gero."

Ba ta taɓa yi wa wata masa shiri irin wannan ba. Geron da yatsa ta tsince shi, tana lalubar tsakuwa. Ta sa aka kawo mata man kaɗe sabon kaɗi daga Tamale. Ta sayi sabuwar tanda ta gasa ta da mai har kwana uku don kada ta kama. Ta bi gidaje da ƙafarta tana dafa ƙofofi tana ƙirgawa, na arba'in ya faɗa kan wata 'yar Asante mai sayar da ayaba, ta ce ita ma da rabonta. Ranar talatin da takwas ta jiƙa gero. Ranar talatin da tara aka niƙa, ta dama ƙullu da hannunta, tukunya uku, ta rufe da faifai ta ajiye a ɗaki don ya tashi kafin safiya.

Bayan la'asar ɗin ranar sai ga Alhaji Gausu, wani dattijo mai sayar da tabarmi, wanda shi ma jiya-jiya ya sauka daga gabas. Ya shigo yana haki, mutane na biye da shi.

"Mma, a dakata da sadakar nan. Ɗanki na nan da ransa. Bara waccan na gan shi a wata kasuwa a Sudan, yana kan keke yana ɗinki."

Azaratu ta ce, "Kun yi magana?"

"Motarmu ba ta tsaya ba. Amma wani na kusa da ni ya ce ɗan Kumasi ne, Muniru sunansa. Kuma ga kama."

"Yana ɗingishi?"

"A zaune yake, Mma."

Aka kira Alhaji Sanni, aka ɗunguma zuwa zauren Malam Hussein. Azaratu ta tambayi Sanni ko an gaya masa sunan uban mamacin, ya ce bai tambaya ba. Alhazan biyu suka kaure da musu. Sanni ya ce shi kabari ya gani da idonsa. Gausu ya ce, "Ka tona ne?" Sanni ya ce, "Kai da ka ga mutum daga bayan mota a guje, har ka iya rantsuwa?" Babu wanda ya yarda ya dafa Alƙur'ani.

Malam Hussein ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Azaratu, ba zan tara jama'a in kira sunan mutum cikin matattu ba, alhali ƙila yana can yana cin abincinsa. Ki toya ki raba, sadaka ba ta faɗuwa. Amma ba arba'in ba ce."

"Malam, idona ya tafi. Baɗi ba zan ga tanda ba."

"Ki gode wa Allah, baiwar Allah. An ce miki ƙila yana raye."

"An daɗe ana ce mini ƙila."

Kafin magariba matan da suka zo mata ta'aziyya sun dawo yi mata barka, a kan tabarmin nan dai. Wata har ta yi guɗa. Azaratu na zaune tana amsawa, "Barka kadai," tana jin ƙamshin ƙullu na fitowa daga ɗaki.

Da safe ƙullun ya tashi har ya ture faifai. Ƙullu ba ya jira, in ya wuce yini ya yi tsami. Ta hura wuta ta toya, Rakiatu na kwashewa. Masar ta yi kyau fiye da duk wadda ta taɓa yi, gefe ja, ciki fari. Ta ɗora tire a ka ta shiga gida na farko.

A Zango ba a karɓar masar sadaka sai an tambayi mai ita, don a san wanda za a roƙa wa gafara. Matar gidan ta miƙo kwano ta ce, "Ta wa ce, Mma?" Sai matar ta tuna, ta yi saurin kau da kai.

"Sadaka ce."

"To... me za mu ce?"

"Ku ce abin da ya zo bakinku."

A gida na biyu wani tsoho ya ce Allah ya ji ƙansa, matarsa ta zungure shi, ya gyara ya ce Allah ya dawo da shi lafiya. A gida na huɗu ta sauke tiren ta miƙa wa Rakiatu ta ce ta ƙarasa. Ta koma ɗaki ta zauna. Gwangwanin madara na gefen gado, ƙwaya ɗaya ta rage a ciki. Ba ta jefa wa kaji ba.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe. Ranar da gari ya cika da kiɗa da tutoci na murnar samun mulkin kai, da kunne ta ji. Tandar ta koma hannun wata maƙwabciya. Mutane dai ba su daina zuwa tambayarta kwanakin mamatansu ba, kuma ba ta daina faɗa daidai ba. Babu wata wasiƙa da ta zo, babu alhajin da ya ƙara kawo labari ko wane iri.

Ranar Juma'a bayan la'asar takan kira aminiyarta ta katanga.

"Rakiya, yau Juma'a."

"Na sani. Me za ki gani a can, ke da ba ki ganin tafin hannunki?"

"Ai yana jan ƙafa. Zan ji."

Rakiatu ta yi tsaki, ta yafa gyale, ta miƙo mata sanda.